Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga shugabannin sassan kimiyyar sinadarai na jami'o'inmu, a kan tunawa da Farfesa Ahmed Zewail

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Malamaina kuma iyayena a wannan fanni, ina gaishe ku da aiki, da fatan kuna lafiya tare da iyalanku. Ni malamin kemistiri ne a makarantar sakandare. Ni da ire-irena ne muke turo muku yaran da kuke karɓa a ajin farko kowace shekara, kuma wasu daga cikinku su suka koyar da ni. Don haka da bakin ɗalibi nake magana, ina kuma neman afuwa tun daga farko idan wata kalma ta yi nauyi.

Farfesa Ahmed Hassan Zewail ya rasu ranar 2 ga Agusta, 2016, yana da shekara 70. Tun daga lokacin, duk sanda watan Agusta ya zagayo sai ka ga hotonsa yana yawo a Facebook da WhatsApp, an rubuta cewa shi ne Balarabe na farko da ya ci kyautar Nobel a fannin kimiyya, ɗan Afirka, Musulmi, abin alfaharinmu. Duk gaskiya ne. Amma da ka tambayi mai yaɗa hoton me mutumin nan ya gano, ko su wa suka koyar da shi, ko su wa ya yaye, sai a yi shiru. Ban ga laifin mutumin gari ba. Abin da ke damuna shi ne ɗalibanmu da suka gama digiri a wannan fanni su ma ba su wuce nan ba, alhali a cikin tarihin Zewail akwai abin da ya shafi ofisoshinku kai tsaye, wato yadda malami ke riƙe ɗalibinsa.

An haife shi a Damanhur ta ƙasar Masar ranar 26 ga Fabrairu, 1946, ya tashi a garin Dasuƙ da ke bakin Kogin Nilu. Mahaifinsa ma'aikacin gwamnati ne, gidansu ba gidan masu kuɗi ba ne. Shi da kansa ya ba da labarin cewa tun yana yaro ’yan gidansu suka manna takarda a ƙofar ɗakin karatunsa an rubuta “Dakta Ahmed”. Ya kuma ba da labarin yadda ya ɗauki ɗan rishon da mahaifiyarsa ke dafa gahawa da shi, ya haɗa da wasu ’yan bututan gilashi a cikin ɗakin kwanansa, don kawai ya ga yadda itace ke rikiɗa ya zama iska mai kamawa da wuta da kuma wani ruwa-ruwa. Ina yawan karanta wa ɗalibaina wannan, saboda a kowane aji akwai yaro irin wannan. Shi ne wanda zai tsaya bayan an tashi yana tambayar me ya sa ruwan da ke cikin kwalba ya juya ya zama ruwan hoda da ɗigo ɗaya tak. Muna turo muku su da wannan ƙishirwa a ransu.

Ya shiga Jami'ar Iskandariya, ya gama digirin farko a 1967 da sakamako mafi daraja, nan take jami'ar ta riƙe shi a matsayin ƙaramin malami, yana koyarwa yana karatun digiri na biyu. Cikin kimanin wata 18 ya kammala aikin. Ina roƙon ku ku tsaya a kan wannan adadi. Masar ta 1967 ƙasa ce da ta fito daga yaƙi a jigace, kayan aiki ba su wadata ba, amma yaron ya gama bincikensa cikin shekara ɗaya da rabi domin akwai malaman da suka zauna da shi. Bai taɓa mantawa da sunayensu ba: Rafat Issa da Samir El-Ezaby da Yehia El-Tantawy. Biyun ƙarshe, waɗanda suka yi karatu a Amurka, su suka ce masa ya fita waje ya yi digiri na uku. A lokacin dangantakar Masar da Amurka ta yi tsami, ɗaliban Masar galibi Tarayyar Sobiyet da gabashin Turai ake tura su, ga kuma wahalar takardun ofis. Malaman da suka san cewa wannan ɗalibi zai iya wuce su, su ne suka nuna masa ƙofa. Da sun so, da sun riƙe shi yana ta yi musu gwajin takardun jarrabawa har ya tsufa.

A 1969 ya isa Jami'ar Pensilbaniya, ya yi aiki a ƙarƙashin Farfesa Robin Hochstrasser, ya karɓi digirin dakta a 1974. Ya yi shekara biyu a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley tare da Charles Harris, sannan a 1976 cibiyar Caltech da ke Pasadena a jihar Kalifoniya ta ɗauke shi. Yana da shekara 30, baƙo ne, Turancinsa da karin harshen Larabci. Suka ba shi ɗakin gwaje-gwaje nasa na kansa, suka bar shi ya bi tambayar da ke cin ransa. Cikin shekara biyu suka tabbatar masa da kujerarsa, a 1982 ya zama cikakken farfesa, a 1990 kuma ya zama mutum na farko da ya hau kujerar farfesa mai sunan shahararren masanin sinadarai Linus Pauling. A nan ya zauna shekara 40 har ya koma ga Mahaliccinsa.

To, me ya gano? Ku kun sani fiye da ni, amma wasiƙar nan buɗaɗɗiya ce, iyaye da ɗalibai ma za su karanta, don haka ku ba ni dama in yi bayani.

Duk abin da muke koyarwa a allo, mukan rubuta sinadaran da aka haɗa a hagu, mu ja kibiya, mu rubuta abin da ya fito a dama. Abin da ke faruwa a cikin kibiyar nan shi ne ba wanda ya taɓa gani. Tun 1889 Svante Arrhenius ya nuna yadda zafi ke ƙara saurin haɗuwar sinadarai. A shekarun 1930 Henry Eyring da Michael Polanyi suka kawo bayanin cewa akwai wani matsayi na tsaka-tsaki, inda tsohon ɗauri tsakanin ƙwayoyin zarra bai gama tsinkewa ba, sabon kuma bai gama ƙulluwa ba. Kowa ya yarda da wannan a lissafi, amma an ɗauka ido ko na'ura ba za su taɓa riskarsa ba. Dalilin a fili yake. Ƙwayar zarra a cikin sinadari tana motsi da gudun kusan kilomita ɗaya a sakan guda, tazarar da za ta ci kuwa kafin ɗauri ya tsinke ba ta wuce kashi ɗaya cikin biliyan goma na mita ba. In ka raba, sai ka ga duk al'amarin yana ƙarewa cikin femtosakan kusan 100. Femtosakan ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan sau biliyan na sakan. Yadda femtosakan yake a gaban sakan ɗaya, haka sakan ɗaya yake a gaban shekara miliyan 32.

Zewail yakan kawo misalin doki, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa kallon sukuwa ranar hawan salla zai gane. Doki na gudu, ido ba ya iya tantance ko akwai lokacin da kofatansa huɗu ke barin ƙasa gaba ɗaya. An daɗe ana gardama a kai har sai da wani mai ɗaukar hoto, Eadweard Muybridge, ya jera kyamarori a bakin hanya a shekarun 1870, kowace tana ƙiftawa da sauri, sai ga hoton doki a sama babu kofato ko ɗaya a ƙasa. Abin da Zewail ya yi wa ƙwayoyin zarra ke nan, sai dai kyamararsa hasken leza ce, wato na'urar da ke harba siririn haske mai ƙarfi. Yakan harba walƙiya ta farko wadda za ta tayar da haɗuwar, sannan ya biyo da ta biyu wadda za ta leƙa ta ga inda aka kwana. Hikimar da ta fi burge ni ita ce yadda ake auna ratar da ke tsakanin walƙiyoyin biyu, tunda babu agogon da zai iya. Haske yana cin kilomita 300,000 a sakan, saboda haka idan aka matsar da madubi aka ƙara wa walƙiya ta biyu tsawon hanya da milimita 0.03 kacal, za ta makara da femtosakan 100. Ana matsar da madubin kaɗan-kaɗan, ana maimaita gwajin, har hotunan su jeru su zama fim.

A 1987 shi da ɗalibansa suka kalli sinadarin ICN, mai ƙwayoyin zarra uku na aidin da kabon da naitirojin, yana rabuwa, ƙwayar aidin tana barin ’yan uwanta cikin femtosakan kusan 200. Daga baya suka ɗauki sodiyam aidaid, suka ga ƙwayoyin biyu suna nesanta suna dawowa, suna nesanta suna dawowa, a kowane zagaye wasu na kuɓucewa su rabu har abada. Abin da aka shekara 50 ana zanawa a allo a matsayin hasashe, ga shi an gan shi yana motsi. Daga nan aka sami sabon reshe mai suna femtokemistiri, kuma masu bincike a ƙasashe da dama suka ɗauki dabarar suka kai ta wurare masu yawa, har da yadda sinadarin da ke cikin idon ɗan Adam ke juyawa idan haske ya taɓa shi. Ya karɓi kyautar Sarki Faisal ta Saudiyya a 1989, shekara 10 kafin Suwidin ta kira shi. A 1999 aka ba shi Nobel, shi kaɗai, ba a raba da kowa ba. Bai kuma zauna ya huta a kan wannan ba, ya koma ya shafe sauran rayuwarsa yana gina na'urar hangen ƙananan abubuwa ta lantarki mai ɗaukar siffar abu da motsinsa a lokaci guda.

Yanzu ga inda nake so mu tsaya. Takardar da ta ba da rahoton gwajin 1987, sunaye uku ne a kanta: Marcos Dantus, Mark Rosker, sannan Zewail a ƙarshe. Dantus ɗalibin digiri na uku ne a lokacin, ɗan ƙasar Meziko, yau farfesa ne a Jami'ar Jihar Michigan. Cikin sauran ɗalibansa, Norbert Scherer yana Jami'ar Chicago. Peter Felker yana Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles. Dongping Zhong ya zama farfesa a Jami'ar Jihar Ohio. Ɗaruruwan ɗalibai da matasan masu bincike daga ƙasashe daban-daban sun ratsa ta ɗakin gwajinsa, da yawansu sun fita sun kafa nasu. Shi kansa ya amfana da manya: Richard Bernstein, wanda ya girme shi da shekara sama da 20 kuma sunansa ya riga ya yi nisa, ya riƙa zuwa Caltech yana aiki tare da shi kafaɗa da kafaɗa. An riƙe shi, shi ma ya riƙe wasu. A ganina wannan sarƙa ita ce babban aikinsa, don na'urar leza takan tsufa a sauya ta, mutanen da ya horar kuwa suna nan suna horar da wasu.

Malamaina, na san halin da kuke ciki. Na san albashin farfesa a yau ba ya kai shi ƙarshen wata. Na san malami ɗaya yana koyar da aji mai ɗaruruwan ɗalibai, ga gwajin takardu, ga taron kwamiti, ga rashin wuta. Mun ga yajin aikin 2022 da ya ci wata 8. Ba wanda zai ce ku gina ɗakin leza irin na Caltech da abin da ke hannunku, kuma ni ba abin da nake nema ke nan ba.

Amma akwai abin da ba ya buƙatar kuɗin gwamnati. Wata tsohuwar ɗalibata, yarinya mai kaifin basira wadda ita ke taya ni shirya kayan gwaji kafin jarrabawar WAEC, ta shiga digiri na biyu a wata jami'a. Ta zo gaishe ni da kundinta a cikin leda. Babi na biyu ne, ta kai wa mai duba aikinta tun kafin azumi, har babbar salla ta wuce bai buɗe ba. Ta nuna mini shafin farko, fari tas, babu ko ɗigon jan biro. Takan je ta zauna a bakin ofis tun safe, a ce mata malam ya tafi taro, ta dawo gobe. Samfurin ruwan rijiyoyin da ta ɗebo, ita ta zuba a kwalabe ta jera a cikin kula da ƙanƙara, ta shiga motar haya zuwa wata jiha don a auna mata, da kuɗin da mijinta ya ranto, alhali a sashensu akwai irin na'urar an lulluɓe ta da leda a ɗaki a kulle, makullin yana aljihun mutum ɗaya. Ba ta kawo mini ƙara ba, ta ce haƙuri ake yi. Ni ne na kasa barci. Yarinyar nan ba ta gaza yaron Dasuƙ a ƙwazo ba. Shi ya gama cikin wata 18, ita kuwa ta fara tunanin haƙura da karatun.

Na san ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. A cikinku akwai waɗanda ke sayen sinadarai da kuɗin aljihunsu don ɗalibi ya ƙarasa aiki, akwai masu kiran ɗalibi a waya su ce ina ka shige, zo mu zauna. Na ga irinsu, na kuma amfana da su, Allah ya saka musu da alheri. Matsalar ita ce wannan ya zama sa'a. Ɗalibi ya faɗa hannun na kirki ya gama, ya faɗa hannun wani ya tsufa a hanya, kuma sashe bai ɗauki abin a matsayin nauyinsa ba.

Saboda haka ga roƙona. Ku ware rana ɗaya a shekara don tunawa da Zewail. Ina ba da shawarar 26 ga Fabrairu, ranar haihuwarsa, tunda watan Agusta yakan faɗo cikin hutu. Kada ranar ta zama ta dogayen jawabai da rabon lambar yabo ga manyan baƙi. A bar wa ɗaliban digiri na biyu da na uku dandalin, kowa ya tsaya ya faɗi abin da yake bincike a kai da inda ya maƙale, malamai na zaune suna sauraro. A ranar kuma shugaban sashe ya karanto a bainar jama'a ɗalibai nawa suka shiga, nawa suka gama, nawa suka wuce wa'adi, da dalili. Idan sashe ya san zai karanta wannan lissafi kowace shekara, babin da ke kwana a kan tebur zai ragu. Ku kuma sa wa kanku ƙa'ida a rubuce cewa duk babin da ɗalibi ya miƙa, a mayar masa da gyara cikin wa'adin da ku da kanku kuka ga ya dace, in ya wuce ɗalibi yana da inda zai kai kuka ba tare da tsoron a rama a kansa ba. Wanda ya yi aikin da hannunsa kuma, sunansa ya zo farko a takarda.

Batun na'urori ya fi ƙarfin sashe ɗaya, amma bai fi ƙarfinku ba idan kun haɗu. Hukumar TETFund mai tallafa wa manyan makarantu ta sayo kayan aiki masu tsada a jami'o'i da dama. Ga cibiyar binciken fasahar sinadarai ta ƙasa a Basawa, Zariya, ga cibiyar kimiyya da fasaha ta Sheda kusa da Abuja. Ku da kuke haɗuwa a taron shekara-shekara na ƙungiyar masana sinadarai ta Najeriya, me zai hana ku fitar da jerin abin da kowane sashe ke da shi, wanne ke aiki, wa za a tuntuɓa, nawa ɗalibi zai biya? Ɗalibin Sakkwato ya san abin da ke Kano, na Maiduguri ya san abin da ke Bauci, na Maraɗi ya san abin da ke Katsina. Jami'ar Maraɗi ma sunan masanin sinadarai take ɗauke da shi, Dan Dicko Dankoulodo, wanda ya taɓa riƙe ma'aikatar ilimi ta Nijar, kuma ya kamata a irin wannan rana a riƙa ba ɗalibai labarin namu na gida irinsa, da malaman da suka kafa sassanku waɗanda yanzu sai dai a ga hotonsu a bango.

Sai matasan malamai. Wanda ya dawo daga Malesiya ko Ingila ko Masar da digirin dakta da sabon ilimi a kansa, kada a binne shi a ƙarƙashin tattara sakamakon jarrabawa da rubuta rahoton taro na shekara da shekaru. A ba shi lungu ɗaya a ɗakin gwaji, a ba shi ɗalibai biyu, a rage masa kaya, a ga abin da zai yi. Caltech ba ta jira Zewail ya yi furfura ba kafin ta yarda da shi.

Zewail bai manta da inda ya fito ba, kuma ya ɗanɗani irin wahalar da kuke sha. Tun kafin ƙurar Nobel ta lafa ya kai wa gwamnatin Masar shawarar gina birnin kimiyya da fasaha. Aka aza harsashi a farkon 2000, sannan aikin ya kwanta sama da shekara 10. Sai bayan juyin juya halin Masar na 2011 aka farfaɗo da shi, talakawan Masar suka ba da gudummawa, ɗaliban farko suka shiga a 2013, a wajen Alƙahira. A 2001 ya yi rubutu a mujallar Nature yana jan hankalin duniya kan kimiyya a ƙasashe matalauta, a 2009 kuma Shugaba Obama ya sa shi cikin masu ba shi shawara kan kimiyya, ya kuma naɗa shi jakadan kimiyya. Mutumin da ke da kujera a Kalifoniya da duk girman da duniya ke iya bayarwa, ya ƙare shekarunsa na ƙarshe, cikin rashin lafiya, yana kai-komo don yaran Masar su sami inda za su yi bincike a gida. Da ya rasu aka kai gawarsa Alƙahira, aka yi masa jana'iza ta girmamawar soja.

Abu na ƙarshe da nake nema ya shafe mu malaman sakandare. A wannan rana ku buɗe mana ƙofa. Ku bar mu mu kawo ’yan aji biyar da aji shida su shiga ɗakin gwaji su ga na'ura tana aiki, ko da guda ɗaya ce. Ku sa wani daga cikinku ya yi musu bayanin aikin Zewail da Hausa, yadda yaron da ya fito daga ƙauye zai fahimta ya koma ya faɗa wa mahaifinsa. Kuɗin mota mu za mu nema, ba za mu ɗora muku ba. Duk sashen da ya amince ya sanar ta hannun shugabannin makarantun da ke kusa da shi tun daga watan Janairu, don mu samu mu nemi izinin iyaye a kan lokaci.

Allah ya jiƙan Farfesa Ahmed Zewail, ya gafarta masa, ya jiƙan malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya. Ku kuma Allah ya ƙara muku lafiya da juriya.

Wassalamu alaikum.

Ɗalibinku,
wani malamin kemistiri a makarantar sakandare